Haƙora Biyu a Rumfar Mai Shayi

A shekarar da aka canja takardun kuɗi, mutane suna wuni a layin banki su koma gida hannu wofi, ciniki ya mutu a kasuwar Lafiya. Ni riɗi da agushi nake sayarwa. Sai in kwance buhuna da safe in ɗaure su bayan azahar, ko mudu biyar ban auna ba. Zaman banza ne ya kai ni rumfar mai shayin layinmu, wanda yake da talabijin da ɗan janareta, ni da a da nake yi wa masu kallo wa'azi.

Duk Asabar bayan la'asar ake nuna wani wasa mai dogon zango. Labarin shugaban 'yan sintirin wani ƙauye ne. Mutum ne mai ciyar da marayu, ba ya rasa jam'i, shi ya kori 'yan fashi daga hanyar kasuwarsu. Amma duk wanda ya zarga ba ya kai shi gaban alƙali, a daji yake gamawa da shi. Rumfar ta rabu biyu a kansa. 'Yan acaɓa da masu keke suna cewa irinsa ƙasar nan take nema, dattawa biyu masu sayar da manja suna cewa ɗan wuta ne. Ni, Allah Ya yafe mini, son sa nake yi. Har addu'ar shiriya na taɓa samun kaina ina yi masa, mutumin da babu shi.

Ina da aboki manomin doya daga Adogi, Bagwandare, ya girme ni da shekara uku. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Shi ma wasan ya kama shi, sai dai aikin gona ba ya barin sa zuwa kullum. Saboda haka duk Asabar ɗin da bai zo ba nakan rubuta abin da ya faru da ajami a wani ɗan littafi, idan ya kawo doya ranar kasuwa in karanta masa muna zaune kan buhu. Yakan ce karatuna ya fi talabijin daɗi, don ba a ɗauke wuta.

A shekarun baya an yi wa ƙaninsa ihun ɓarawon babur a bakin tasha. Jama'a suka rufe shi da duwatsu, suka rataya masa taya, suka cinna wuta. Babur ɗin nasa ne. Ni na yi wa gawar taimama, don ba ta wankuwa.

To, wata Asabar da Yaya bai zo ba, aka nuna shugaban 'yan sintirin ya ɗaure wani saurayi a jikin bishiya kan zargin kai wa 'yan fashi labari, ya zuba masa fetur, ya ƙyasta ashana da hannunsa. Daga baya ta bayyana ba shi ba ne. Na rubuta wannan duka, shafi guda cur. Amma da na zo karanta wa Yaya sai na haɗa shafin da na gabansa na juya. Na gaya wa kaina tausayinsa nake ji. Gaskiyar ita ce ba na son ya tsani mutumina.

Asabar ta gaba ya zo. Ashe za su fara da maimaita abin da ya wuce. Muna zaune benci ɗaya aka nuno wutar, da saurayin yana kiran mahaifiyarsa. Sannan aka nuno shugaban ya je gidan tsohuwar da buhun masara, ya durƙusa yana kuka.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Kun ga namiji. Ya yi kuskure, ya amsa."

Ɗaya daga cikin masu manja ya ce, "Masarar ce za ta binne ta in ta mutu?"

Yaya bai kalli kowa ba sai ni. Ya ce, "Malam, wannan yana cikin littafinka?"

Na ce, "Yana ciki."

"Me ya sa ban ji shi ba?"

Da na yi shiru a nan, da an wuce wurin. Amma idon mutane yana kaina, sai na shiga kare shugaban da irin bakin da nake karantarwa da shi. Na ce mai gyaran gari dole wata rana hannunsa ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma rai ɗaya ba ya kai ran ƙauye. Ina faɗa ina jin abin da nake faɗa, ban tsaya ba.

Yaya ya ce, "Kai ka shafa wa ƙanina ƙasa a fuska. Rai ɗaya."

Ya damƙi wuyan rigata ya ɗaga ni tsaye. Ɗan acaɓan ya kawo masa naushi ta baya, ɗan mai manja ya kwaɗa wa ɗan acaɓan kwalba a kafaɗa, nan da nan rumfar ta hargitse. Benci ya kife, tukunyar ruwan zafi ta tuntsure a ƙafar wani mai keke, fatar ta saluɓe. Yaya ya matse mini maƙogwaro da hannun da ya saba da garma, har na fara ganin duhu. Hannuna ya lalubo ƙaramar taɓaryar da mai shayi yake daka citta, na kai masa ita a baki da iya ƙarfina. Na ji ƙarar a cikin hannuna. Ya sake ni, ya tofar da haƙora biyu na gaba a ƙasa, ya duƙa ya tsince su, ya sa a aljihu ya fita. Talabijin ɗin yana ta yi.

Bai kai ni ƙara ba. Ya dai canja layin da yake sauke doya. Azumi ya zo, na yi shi da wannan a wuyana. Na san hukuncin haƙori da haƙori, tun ina ƙarami na rubuta shi a allo, kuma na san istigfari ba ya ɗauke haƙƙin wani. Duk da haka har damina ta kusa fita ina cewa gobe. Wasan kuma na ci gaba da kallonsa a ɓoye a wayar maƙwabcina, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Wata Laraba da hantsi na ari taɓaryar daga mai shayi, na sa ta a jaka tare da littafin, na hau babur zuwa Adogi. Na same shi a gona yana tonon sabuwar doya. Na yi sallama, ya amsa a taƙaice, harshensa yana leƙowa ta giɓin. Na ajiye taɓaryar a gabansa na durƙusa.

Na ce, "Yaya, na kawo bakina. Gara a nan da can."

Ya kalle ta. Ya ce, "Ka zo da littafin?"

Na ce na zo da shi.

"Karanta mini wanda ka tsallake. Kada ka rage ko wasali."

Na buɗe. Akwai ɗigon jininsa a gefen shafin tun ranar faɗan da littafin yake hannuna, ya koma baƙi. Na karanta masa ɗaurin, da fetur ɗin, da kiran da saurayin ya yi, yana tsaye ya dogara da sungumin tono bai motsa ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "Har yanzu kana son sa?"

Na ce, "Ban iya daina son sa ba. Amma maganar da na faɗa ƙarya ce."

Ya tura taɓaryar gefe da ƙafa. Ya ce, "Wannan na citta ne, mayar wa mai shi. Tashi tsaye, ba na dukan mutum a durƙushe."

Na tashi, na sa hannuwana a baya. Ya yi bisimilla, ya dunƙule hannu ya kai mini sau ɗaya. Na faɗa cikin ganyen doya, bakina ya cika da jini da ƙasa. Da na laluba da harshe, haƙori ɗaya ya tafi.

Na ce masa, "Saura ɗaya."

Ya ce, "Ɗayan na bar wa Allah. Ba na binka komai, Malam."

Ya miƙo mini butarsa na kurkure baki. Sannan ya zauna a inuwar ɗorawa, ya nuna mini gefensa, ya ce in ɗauko daga inda muka tsaya, yana son ya ji yadda tsohuwar nan ta yi da masarar.