Ranar Da Na Watsa Gayyar Kwalbati

Ni ne da laifi, kuma gara ku masu shigowa aiki ku ji daga bakina. Ranar da na tare 'yan gayya a shinge har yau ba ta bar raina ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'in karɓar haraji a wata ƙaramar hukuma arewa da Kaduna. Kason da ke zuwa mana daga sama ya ragu, albashi ke cinye shi, ayyuka duk suka tsaya. Sai aka fito da abin da mutane suka laƙaba wa kuɗin hayaƙi: duk abin hawa mai inji da ya ɗauko kaya, zai biya a kowace wucewa, wai don rage ɓata iska. Babbar mota ta biya sau ɗaya ta wuce da lodinta, mai babur kuwa duk sawu sai ya biya. Ban taɓa tsayawa na auna wannan ba.

An ajiye ni a wani shinge bayan Rigachikun, a kan hanyar wani ƙauye da kwalbatinsa ya karye, mota ba ta shiga. Da mutanen ƙauyen suka gaji da jiranmu mu gyara, sai suka sayi siminti da kansu, suka kira gayya kafin ruwa ya sauka. Samari na jigilar buhunan a babura, ni kuwa duk dawowa ina yanka rasit. Da azahar shugaban gayyar, wani dattijon magini, Malam Iro, ya tako har shingen.

"Ɗana," ya ce, "mun ɗauke muku kayanku, kuma mu biya ku ladan dako?"

Na ce masa doka ce, har na zare makullin wani babur don a ga ni ma hukuma ne. Samarin suka yi zuciya suka watse. Ban san cewa gayya in ta watse gab da shuka ba ta sake haɗuwa ba. Ruwan farko ya sami simintin a bakin rafi, ya zama dutse. Duk daminar nan a kafaɗa ake haye rafin da marar lafiya.

Na je wurin shugaban sashenmu na ce a cire aikin gayya daga harajin, a kuma saya musu wani siminti a madadin nasu. Ya tambaye ni yaushe na zama kansila, abokan aiki suka yi dariya. Na koma, na sake komawa. Ya ce babu kuɗi, na ce ai akwai na man janaretan ofis, wanda hayaƙinsa ya fi na baburan ƙauyen gaba ɗaya. Sai da kaka ta yi aka sa hannu. Abin da na koya shi ne, mai karɓar haraji ya fara duba wanda nauyin ke faɗawa a kansa kafin ya buɗe rasit.

Ni na raka simintin. Na sami Malam Iro a ƙofar masallaci bayan la'asar, na durƙusa a gaban jama'a.

"Baba, ba doka ce ta watsa gayyarku ba, ni ne. Wahalar da kuka sha a daminar nan tana wuyana. Don Allah ku yafe mini."