Tokar da Baba Ya Barbaɗa wa Inji

Ɗazu na ga matata tana kwashe toka a murhu, sai marigayi Baba makanike na Gwarzo ya faɗo mini a rai.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ina tuƙa motar wani Alhaji a Kabo. Ya sa an ɗora mata na'urar ƙara wa inji iska, wadda ba da ita aka ƙera ta ba. Sai baƙin mai ya riƙa raguwa, alhali ko ɗigo babu a ƙasa. Ga tsadar kaya. Alhaji ya ce zuƙa nake yi ina sayarwa, har ya ambaci alƙali. Abinci ya daina shiga cikina. Har kaina na fara tuhuma.

Muka kai motar wurin Baba. Ya wanke injin da kananzir, ya bari ya bushe, ya barbaɗe shi da toka.

"Tayar da ita, ka fito," in ji shi.

Alhaji ya ce, "Baba, miya za ka kaɗa ne?"

Na tayar da motar na fito. Muka zuba ido. Can sai tokar ta yi baƙi a gindin siririn bututun da ke kai wa na'urar mai. Ɗigo ya sauka kan salansa mai zafi, ya ƙone nan take.

Baba ya ce, "Alhaji, ga ɓarawonka nan. Kwance shi ka kai wa alƙali."

Ya sauya washar da ke gindin bututun ya ɗaure. Kuka ya hana ni gode masa yadda ya kamata, kuma har yau abin yana damuna.

Ya Allah, ranar da za a tsayar da shi gabanka, ka wanke shi kamar yadda ya wanke ni.