Maliki da Mashigin Gulbi

Maliki ɗan Salihu ya gaji jirgin fito daga ubansa, a wani ƙauye da ke bakin gulbi kudu da Mai Wurno, a ƙasar Sudan. Jirgin na katakon bagaruwa ne, mai faɗi, irin wanda mutanen wurin ke kira murkab. Yana ɗaukar mutane da buhunan dawa da awaki, har da jaki in an danne shi. Duk mai zuwa kasuwar Suki daga wannan ɓangare, sai ta hannun Maliki ko ta hannun Sa'idu, wani mai jirgi da ke mashigin ƙasa.

Maliki ba mai yawan magana ba ne, kuma bai saba tambayar kowa inda ya samo kayansa ba. Abin da ya sauya shi ya faru ne 'yan shekaru bayan Turawa sun bar Sudan. Akwai wata dattijuwa, Inna Talatu, mijinta ya makance, jakinsu guda shi ne ke kai albasarta da kuɓewarta kasuwa. Wata safiya aka nemi jakin aka rasa. Da aka bi sawu, sai ya tsaya a mashigin Maliki. Nan ya tuna da wani baƙo mai rawani da ya ƙetare da shi da sassafe, riƙe da jaki mai farin baki.

An aika birnin Sinnar, ɗan sanda ya zo bayan kwanaki, ya yi tambayoyinsa ya koma. Jaki dai bai dawo ba. Inna Talatu ba ta zagi Maliki ba. Kullum sai ya gan ta tana saukowa gangare da kwandon albasa a ka, tana tafiya tana hutawa, shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya tsaya a gaban jama'a ya ce daga yau dabba ba za ta shiga jirginsa ba sai ya san mai ita, ko kuma wani sananne ya tsaya a bakin ruwa ya shaide shi. Wasu suka yi dariya, suka ce mai fito ya zama alƙali. 'Yan kasuwa suka ce ɓata lokaci ne, da yawansu suka koma mashigin Sa'idu. Maliki ya taka har can ya roƙe shi su haɗa kai, domin in hanyoyin biyu sun toshe ɓarawo ba shi da ta ƙetarewa. Sa'idu ya ce shi yana da iyali, ba zai kori abincinsu ba.

Ba a jima ba aka wayi gari babu jirgin, an yanke igiyarsa. Maliki ya bi bakin gulbi da ƙafa, yana tambayar masunta, har ya same shi ya maƙale a cikin ciyayi, an sare cikinsa da gatari. Matarsa Asabe ta ce ya bar maganar nan haka, yau jirgi aka sara, gobe ba a san wa za a sara ba. Ya ce mata in ya bari yanzu, to wanda ya sari jirgin shi ne ya zama mai mashigi. Ya nemo kafinta, suka toshe ramin, ya koma ruwa. Da Asabe ta ga ba zai janye ba, sai ta mai da wankinta kusa da mashigin, ta kuma jawo maƙwabtanta. Matan nan sun san akuyar kowane gida, har da wadda ta haife ta.

Dokar ba ta rasa kuskure ba. An yi wani Balarabe makiyayi da ya zo da maraƙinsa na halal, Maliki ya hana shi shiga saboda ba wanda ya san shi. Mutumin ya rasa kasuwar ranar, ya kai ƙara wurin umda, wato hakimin yankin. Umda ya yi wa Maliki faɗa a gaban mutane. Maliki ya karɓi laifi, ya bi makiyayin har rugarsu ya ba shi haƙuri, ya zauna da manyansu suka sha shayi. Daga nan aka daidaita cewa makiyayi zai riƙa zuwa da wani dattijo daga rugarsu. Su ma sata ta dame su, sai suka zama masu kawo masa labarin baƙin fuska.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani mutum mai suna Jibirin daga ƙauyen gaba ya zo da awaki biyu, ya ce nasa ne. Asabe ta ɗago kai daga wanki ta ce wannan jar akuyar ta Dije ce, maƙwabciyarta. Kafin a ce haka magana ta bazu, maza suka sauko da sanduna. Shekaru suna jin haushin sata ba su taɓa riƙe ɓarawo a hannu ba, kuma Maliki ya ga a idonsu ba dukan horo za su yi ba. Ya damƙi Jibirin ya jefa shi cikin jirgi, ya tura, bai tsaya ba sai tsakiyar ruwa, ya saki dutsen da yake tsai da jirgin da shi.

Daga gaɓa wani ya ɗaga murya ya ce, "Maliki, kawo muna shi. Ai kai ka fara wagga magana."

Ya amsa ya ce, "Ni na fara, amma ban ce a kashe kowa ba. Ku aika wurin umda. Ina nan har dogaransa su zo."

Suka yini cikin rana su biyu. Jibirin bai iya ruwa ba, ya takure a gefe. Ya roƙi Maliki ya sauke shi a ɗaya gaɓar, ya rantse ba zai ƙara ba. Maliki ya miƙa masa gorar ruwa, ya ce, "Sha. Ba na ba su kai, ba na kuma sakinka." Sai bayan la'asar dogaran umda suka iso, sannan ya ɗaga dutse ya kawo shi gaɓa. Aka ɗaure Jibirin 'yan watanni, ya kuma faɗi sunan mahaucin da ke sayen dabbobin a ƙetare.

Bayan wannan ne Sa'idu ya zo da kansa, ya zauna a gindin jirgi, ya ce dattawan ƙauyensu sun matsa masa, shi ma zai fara tambaya. Sata ba ta ƙare ba, amma ta ragu ƙwarai, har mutane suka koma barin awaki suna kiwo a bakin gulbi ba tare da mai tsaro ba.

Da shekaru suka ja, aka kawo babban jirgi mai inji a wani mashigi da ke sama da ƙauyen, fito ya koma can. Maliki a lokacin ya tsufa, kafaɗunsa ba sa jure tuƙi. Ya je ya sami masu jirgin ya faɗa musu yadda ake yi a nan. Suka ce su aikinsu ƙetarewa ne, ba bincike ba. Bai yi musu gardama ba. Ranar kasuwa ta gaba ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin sabon mashigin, inda duk mai dabba sai ya wuce ta gabansa. Yakan gai da mutum da Hausa ko da Larabci, ya tambaye shi daga wane gida, ɗan wa ne. Daga baya wasu tsofaffi biyu suka riƙa zuwa suna zama tare da shi, Asabe kuma tana aiko musu da kunu kafin rana ta yi zafi.