Sun Cire Injin Baba Sale

Ina kasuwar Asian Town a Doha ranar Juma'a da hantsi, ina neman takalmin aiki, aka kira ni a waya: Baba Sale ya yanke jiki ya faɗi a ɗakinsa da ke unguwar Bin Omran, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara shida muna gareji ɗaya, shi bakanike, ni mai walda. Biyun ƙarshe ya ƙarar da su ne kan wata 'yar motar Ingila ta kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, ƙirar bayan yaƙin duniya na biyu, irin wadda ya koyi aiki a kanta a Kaduna. Yakan kama hannuna ya ɗora a tsakiyar bambarta, inda aka ƙara wani guntun ƙarfe. "Ka ji nan, Garba? Sai da masu ƙera ta suka gama mota suka ga ta tsuke, suka raba ta biyu da zarto, suka ƙara mata faɗi. Kuma ba su ji kunyar barin shaida ba." Ɗan injinta kuwa, noti-noti ya kwance shi, ya wanke, yana mayarwa. In aka ce ya yi sauri, sai ya ce, "Ba a sa tsohuwa gudu."

Habu, shugaban garejinmu, Baba ne ya koya masa riƙe sifana, shi ya tsaya masa har ya zo Doha. Da hawan jini ya fara kayar da Baba, a gabana Habu ya rantse masa cewa ba mai taɓa injin nan.

Kwana uku da jana'iza na tarar da injin a bayan gareji cikin tarkace, an cusa wa motar wani injin Japan.

"Habu, me ke nan?"

"Kafil na son ta da esi kafin baje kolin motoci. Khalas, shi ke nan, Garba, wanda ya tafi ya tafi."

Wallahi da bare ne ya faɗa, da ban ji zafi haka ba. Amma Habu! Shi fa ya fi kowa kuka a maƙabarta. Bai fi sati biyu ya rage Baba ya tayar da injin nan ba.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Hajiya Rabi da yaran da ke Kaduna haƙurin wannan rashi, Ya zame musu gata.

Habu kuwa, Baba, na san da kana nan cewa za ka yi in yafe. Na gwada. Ban iya ba tukuna.