Sun Goge Zanen Iya Tasalla

Shekara talatin ke nan da rasuwar kakata, Iya Tasalla. A nan Alƙahira ta cika, a wani ɗan ɗaki da ke saman bene, gefen wurin da ake shanya. Waɗanda suka sallace ta ba su cika sahu ɗaya ba. Ni na yi mata wanka. Ban yi karatu ba, ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Ba ni da dogon zance, amma wannan sai na faɗe shi.

Iya Bagobira ce. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka kama hanyar Makka da ƙafa, da ita da wanta Nomau. Ubansu ya rasu a hanya. A wani zango cikin ƙasar Sudan aka aike ta ɗibar ruwa, wani mutum ya ɗora ta a kan raƙumi, shi ke nan. Ba ta ƙara ganin uwarta ba, ba ta ƙara ganin Nomau ba. Daga wannan hannu zuwa wancan, har ta faɗo gidan wani hafsan soja da ya taho da ita Masar tana yi wa matarsa wanke-wanke. Ba ta san sunan garinsu ba. Abin da take tunawa rijiya ce da tsamiya a bakinta. Sai kuma zanen da wanzami ya tsaga mata tun tana jaririya, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, daga gefen baki suka nufi kunne. Da shi kaɗai ta fito daga gida, kuma shi kaɗai ne ba wanda ya iya ƙwace mata.

Tana budurwa aka fara yin fim a garin nan. A lokacin fim ba ya magana. Hoto ne kawai ke motsi, a rubuta abin da aka ce a allo, wani yana kaɗa kiɗa a gefe. Masu fim suna neman baƙar mace da za ta tsaya bayan uwar gida, aka nuna musu Iya. Ta fito a finafinai da yawa, kuma duk abu ɗaya ne. Ita ce mai yi wa uwar gida fifita. Ita ce mai goyon jaririn da aka haifa a ɓoye. In warwaro ya ɓata ita ta sata. In uwar gida ta sha guba, ita ce mai faɗuwa ƙasa tana zuba wa kanta turɓaya. Takan ce ta yi kukan mutuwar matan da ba su taɓa tambayar sunanta ba, har idonta ya saba. Ba a taɓa rubuta sunanta a allo ba. “Baranya” ake sawa, in ma an sa.

Kuma ita ce mai shan mari. A irin finafinan nan, in ran uwar gida ya ɓaci, baranya ce ke biya. Marin gaske ne, don in aka yi na wasa ido yana ganewa. Sauran ’yan mata gudun wannan fitowa suke yi. Iya ita roƙo take yi a ba ta.

Ina yarinya, bayan uwata ta rasu Iya ta ɗauke ni, na tambaye ta dalili. Muna zaune tana gyaran gyaɗar da take soyawa tana sayarwa a ƙofar silima.

“Ke ja’ira, me kika sani?” in ji ta. “Mai fifita a baya take, wa yake ganinta? Sai an mare ka ake kawo na’urar ɗaukar hoto kusa da fuskarka.”

Ta miƙe ta gwada mini. Ta mari iska, ta karkatar da kai, ta riƙe shi a haka. Ta ce mai ba da umarni yakan yi ta ihu, “Sauke kanki, ke baranya ce!” Ita kuwa sai ta ƙi saukewa, ta bar kuncin a buɗe har sai mai juya na’ura ya tsaya. An sha rage mata lada a kan haka. Ta ji an ce ana kai finafinan Sudan a nuna, kuma ta san mutanenmu sun cika can, waɗanda hanyar Makka ta zubar. Lissafinta shi ne wata rana Nomau zai shiga silima, ko wani da ya san gidansu, ya ga zanen ya ce, “Wannan tamu ce.” Ba ta iya aika saƙo ba, ba ta san inda za ta aika ba. Sai ta aika fuskarta.

Ba wanda ya zo. Da fim ya fara magana aka sallame ta, wai Larabcinta karkatacce ne, yana sa mutane dariya a wurin kuka. Ta auri wani mai gadi ɗan Sudan, ta haifi uwata, ta binne shi, ta binne ta. Har tsufa, in ta ga baƙin mutum ya tsaya sayen gyaɗa, sai ta juya masa kunci kafin ta miƙa masa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Iya ta dafa. Romon ne ban gani ba.

Mutanenmu na nan ma ba su rage mata komai ba. Ɗaliban da ke zuwa karatun addini a wancan lokaci sun san ta, sun ci tuwonta ranar da kuɗin gwamnati ya makara. Amma a bayan ido “’yar silima” suke ce mata. Akwai wanda ya taɓa ce mini in gaya mata ta tuba. Ban gaya mata ba. Ranar jana’izarta da yawansu suna da darasi.

Ni kuma abin da ta yi a fim shi na yi a zahiri. Na yi aikatau a gidajen masu kuɗi na unguwar Ma’adi har gwiwoyina suka ƙi. Na yi fifita, na yi raino, an tuhume ni da satar zobe, an mare ni, ba na’urar da ta matso. Yanzu ina unguwar Hay el-Sabi’, ina tuƙa tuwo ina sayar wa ɗalibai. Hoton Iya ɗaya tal da muke da shi ya tafi ranar da wani mai gida ya watso mana kaya waje. Tun da na rufe mata fuska da likkafani ban ƙara ganinta ba, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya daga finafinanta ba. An ce duk sun ƙone ko sun ruɓe.

Bara sai ga Malam Sanusi, wani magidanci ɗan Zamfara da ke babban karatu a nan, mai sayen tuwona, wanda na taɓa ba shi labarin Iya. Ya shigo da waya a hannu yana haki.

“Inna, an gano fim ɗin kakarki! Wasu sun tono shi, sun gyara, za a nuna a Wustul Balad, can tsakiyar gari. Wallahi abin alfahari ne, Bahaushiya ta farko a silima.”

Na ce, “Alfaharin wa?”

Ya ce, “Namu mana, mu duka.”

Na ce, “Da can ’yar silima ce. Miyar kuka ko ta kuɓewa?”

Ihu bayan hari ke nan. Amma na je. Na sa baƙar abayata ta zuwa biki, na shiga jirgin ƙasa na cikin rami, na sauka a tsakiyar gari, Malam Sanusi yana gaba yana cewa yalla, mu je, Inna, za a fara. Zauren cike yake da masu gilashi da turare. Wani ya tashi ya daɗe yana yabon uwar gidan fim ɗin, da mai ba da umarni, da waɗanda suka ba da kuɗin gyara. Aka kashe fitila.

Na gane ta tun daga tafiya. Yarinya ce siririya, tana riƙe da tire, tana jefa ƙafar hagu waje kamar yadda ta yi har ta mutu. Na danne bakina da mayafi. Tana can baya, nesa, fuska ba ta fita sosai. Na jira. Na san abin da nake jira. Warwaro ya ɓata, uwar gida ta miƙe, ta ɗaga hannu. Mari ya sauka. Na’ura ta matso, Iya ta karkatar da kai, ta riƙe shi a haka, ta cika allon gaba ɗaya.

Kuncin sumul yake. Ba zane ko ɗaya. Kamar bayan ƙwarya.

Tana nan tsaye, ta ƙi sauke kai, tana nuna wa duniya wurin da babu komai. Wata mata a gabana ta yi ’yar dariya, ta ce wa mijinta baranyar nan ba ta san an gama ba.

Da aka kunna fitila na nemi wanda ya yi gyaran. Aka nuna mini wani saurayi mai ladabi, da gemu ɗan kaɗan. Na ce masa, ya ustaz, ina zanen fuskar baranyar? Bai gane ba. Na ja yatsa a kuncina. Sai ya yi murmushi, ya ce ai wurin nan ne ya fi ba su wahala. Wai zaren fim ɗin ya tsufa, duk ya kwarzane, kuma a kan fuskar nan kwarzanen ya fi yawa. Na’urar gyara ta share wasu, sauran shi da kansa ya zauna ya bi su hoto bayan hoto yana gogewa.

Na ce, “Ba zare ne ya kwarzane ba. Aska ce. Da shi aka san gidansu.”

Ya ce, “Ma’alish, yi haƙuri, ya hajja. Ba mu sani ba.” Can kuma ya ƙara, don ya faranta mini, “Amma ai ta fi kyau a haka.”

Ban zage shi ba. Ba mugu ba ne, kuma ya sha wahala a kan aikinsa. Garin neman gira ne aka rasa ido. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita, don na saba. Wanda ya sace ta ya bar mata zanen. Matar hafsa ta bar mata. Masu marinta sun bar mata, har sun biya ta a kansa. Sai da masu son ta da alheri suka zo.

Na tambaya ko akwai na asali. Ya ce zaren ya gama lalacewa, amma akwai hoton farko da aka ɗauka kafin gyara, yana hannun waɗanda suka ba da kuɗin, a wata ƙasa. Zai tambaya. Na koma ofishinsu har na gaji da hawan matakala. Kullum gobe in Allah ya so. Wanda ya zauna a Masar ya san tsawon goben nan. A zuwana na ƙarshe suka ba ni hoton wurin marin, an buga shi a takarda mai sheƙi, suka ce khalas, abin da za su iya ke nan. Na karɓa.

Ina tunanin abin da Iya za ta ce in ta ga zamanin nan. Yau kowa da na’ura a aljihu. ’Yan matan da ke sayen tuwona suna ɗaukar fuskarsu, su shafe ta da yatsa har ta zama kamar ta ’yar tsana, su aika Kano kafin miya ta huce. Abin da ta sha mari shekara da shekaru tana nema, yanzu kyauta ne. Malam Sanusi ya ce fim ɗin yana cikin waya, ana kallonsa har a Sabon Birni, har a Tibiri. Wato ya isa inda take so ya isa. Ya isa babu saƙon. Na san ba za ta yi kuka ba, ta gama kukanta a gidan wasu. Tsaki za ta yi, ta ce in miƙo mata gyaɗa.

Malam Sanusi ya kuma gaya mini can gida ma an daina zane, yaran yanzu ba a tsaga musu. Ban ce a dawo da shi ba. Ni kaina ba ni da shi, ubana ya hana. Iya takan zana mini da kwalli ranar Salla, ta riƙe haɓata ta ce, “Tsaya, ’yar nema, yau ɗaya dai ki yi kama da mutane.” Kafin la’asar gumi ya wanke.

Hoton da suka ba ni na ajiye shi kwanaki ban duba ba. Ranar da na ɗauko shi, na ɗauko tandun kwallinta, wanda shi kaɗai ya rage mini na kayanta. Na zauna zan mayar mata da abinta, sai na tsaya. Kuncin da ta juya wa na’ura, mai shida ne ko mai bakwai? Na rantse na sani, amma kaina ya ƙi ba ni. Shekara talatin ba kwana talatin ba ce. Sai na rufe ido, na ɗaga hannu kamar ranar wanka, lokacin da na tallabi kanta na bi kuncin da ruwa. Yatsuna suka ƙirga. Bakwai ne. Na zana bakwai, biyu sun karkace.

Abin da ya rage na Iya Tasalla ke nan. Ba ta bar gida ba, ba ta bar suna a allo ba, kabarinta ma an yi gini kusa da shi har na daina gane wurin. Akwai fim da duniya ke kallo, da wata yarinya a ciki wadda ba ’yar kowa ba ce. Akwai kuma hoto a bangon ɗakina, sama da tukunyar tuwo.

Saboda haka nake magana da ku, mutanen Gobir, na Nijeriya da na Nijar da na Sudan. In akwai gidan da aka taɓa ba da labarin wani Nomau da ya tafi Makka da ƙafa, ƙanwarsa ta tafi ɗibar ruwa ba ta dawo ba, to ba ta mutu a jeji ba. Ta rayu, ta neme ku iya ƙarfinta. Ba gado nake nema ba, ba kuɗin jirgi ba. In ɗanku yana karatu a Alƙahira, ku ce ya tambayi mai tuwo a Hay el-Sabi’, ya shigo ya dubi bango, ya ce, “Wannan tamu ce.” Allah ya jiƙanta. Amma ɗan naku ya hanzarta. Na tsufa, ɗakin yana da tururi, kuma kwalli ba aska ba ne.