Amsar da Inna ta ba likita

Ina tsintar shinkafa a tsakar gidanmu a Wudil maigidana Malam ya dawo daga asibiti a Kano. Ko zama bai yi ba ya ce, "Sun ce sankarar jini ce." 'Yarmu ta fari yake nufi. Ban tambaye shi komai ba, don mahaifiyarsa, da muke kira Inna, tana zaune a kan tabarma, kuma a gidanmu uwa ba ta zancen 'yar fari a gaban suruka. Inna ce ta yaye ta, a ɗakinta take kwana. Na ci gaba da tsinta.

Da muka koma asibitin ni da Inna, likitar ta zaunar da mu. Ta ce irin wadda ke kama yara daban take da ta manya, kuma yawanci ba gadonta ake yi ba, wani abu ne ke lalacewa a ƙwayoyin halittar jinin mai ciwon shi kaɗai. Amma akwai gidaje ƙalilan da take bin dangi. Sai ta dube ni.

"Maman yarinya, a danginki ko na mijinki an taɓa yin mai irin wannan ciwo?"

"Babu," in ji Inna, tun likita ba ta rufe baki ba. "Mu gidanmu sai dai zazzaɓi."

"Hajiya, uwar na tambaya."

"Wace uwa? Ni ce uwarta. Wannan ko abin da yarinyar ke ci ba ta sani ba."

Likita ta yi murmushi. Ni kuwa saurin amsar ne ya tsaya min a rai.

Shekarar da aka kawo ni gidan, ƙanin maigida yana jinya a ƙauyen Kausani wajen kawunsu, aka ce ciwon shawara ne. Da na je dubiya na ga dasashinsa na zubar da jini, ga baƙaƙen tabo a hannuwansa kamar an doke shi. Damina ba ta fita ba ya rasu. Irin tabon nan na gani a ƙafafun 'yata.

Ita ma ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Tun tana jinya likita ta ce a kawo ɗana, ƙanin yarinyar, a duba jininsa. Bayan an watse daga zaman makoki na tuna wa maigida, Inna ta jiyo daga ɗaki.

"Ke 'yar nan, so kike a ce muna da ciwon gado? Ga 'yan mata cike da gida. In masu nema suka zo bincike a Wudil, me za a faɗa musu?"

"Inna, ƙanin Malam fa, me ya same shi?"

"Shawara. Ko kin zama likita ne?"

Ba ta dube ni ba. Maigida ya ce in bari hankali ya kwanta tukuna.

Wataƙila gaskiyarta ce, ban sani ba. Sai dai tun daga lokacin na lura, in ɗana ya dawo daga makaranta Inna takan kira shi ta ba shi gyaɗa, ta ce, "Zo nan mijina, buɗe baki in ga ko ɓera ya saci haƙori." Yana dariya, ita kuwa ta ɗaga leɓensa ta daɗe tana duban dasashin.

Har yau ba a kai shi an ɗebi jininsa ba.