Katakon da Kawu ke tsayar da mashin

Shekara goma sha wani abu ina sayar da mashin niƙa da kayansu a Yamai, kuma kunnena ya fi idona sanin aikin. Ranar da na tsaya unguwar Gamkalle don in gaida kawuna, tun ban kashe mota ba na ji wani sauti da bai kamata ba. A ƙarƙashin rugugin mashin ɗinsa na niƙa akwai wani ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

Ni na kafa masa mashin ɗin lokacin da ciwon gwiwa ya hana shi aikin garka a bakin kogi. Mashin ne mai shan gazuwal, wato man dizal, irin wanda ke da ƙaton faifan ƙarfe a gefe, wanda muke kira bolan. Nauyinsa ya fi buhun gero. Shi ke riƙe juyin mashin, kuma abin da ke riƙe shi a jikin sandarsa wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce yatsa ba, kilabet. In kilabet ta ci, bolan ya fara wasa. In ya fice yana gudu, bangon laka ba ya tsayar da shi.

Ga mata kusan goma zaune a kan benci, daidai saitinsa, da kwanonin jiƙaƙƙen gero. Washegari ana suna a unguwar.

Na gaida Kawu, na tambayi gwiwa, na tambayi mutanen gida, idona na kan bolan. Wani jan gari kamar tsatsa ya taru a cibiyarsa. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Na ce, "Kawu, ku ɗan kashe shi in duba."

Ya ce, "Sai na sallami mutane. Tun wancan sati yake wannan tari, bai hana shi niƙa ba."

Ƙanen mahaifiyata ne, a gidansa na sauka da na zo daga Maradi ba ni da ko tabarma. Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Na tsaya hannuna a aljihu, ina kallon wata mata da ta matso da kwanonta har gefen zanenta na kaɗawa da iskar bolan.

Na juya wajen matan na ce su koma waje, inuwar ta fi sanyi. Wata Bazabarma, dattijuwa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ga zanen fuskata.

"Ji Bagobiri! Bawana ne zai tashe ni? In ka san aiki, zo ka ɗauki kwanon uwargijiyarka."

Suka kwashe da dariya. A wata rana da na rama, don mu da su abokan wasa ne, ba a barin bashin tsiya. Ranar ban rama ba. Na ce, "Inna, na yarda ni bawa ne, ki dai tashi." Ta daina dariya. Ta ga Bagobiri ya sallama ba gardama, ta san ba lafiya ba. Ita ta kora sauran waje.

Ana cikin haka aka kira azahar. Kawu ya rufe gazuwal, ya jawo wani katako daga bayan ƙofa, ya tokare gefen bolan da shi, ya danna da dukan ƙarfinsa. Katako ya yi hayaƙi, mashin ya girgiza, ya tsaya cak. Bolan da ya kamata a bar shi ya gaji don kansa.

Na ce, "Kullum haka kuke yi?"

"Kowace salla. In tafi masallaci in bar shi yana juyi, ya kama zanen ƴar mutane? Wa zai amsa?"

Don kare su yake yi, kuma kowane tokari yana ɗan yanka kilabet. Laifina ne ma, ranar da na kafa mashin na koya masa tayarwa da zuba mai da ruwa, ban koya masa tsayarwa ba. Na ɗauka kowa ya sani.

Da muka dawo daga masallaci na kama bolan da hannu biyu na jijjiga. Ya motsa. Na zare kilabet da ɗan yatsa, ba guduma. Ta siɗe rabi, an naɗe ta da yankin gwangwanin tumatir don ta cika ramin. Kawu ya kau da kai.

Da kilabet ce kaɗai, akwai sabuwa a mota. Na ɗauki kile, wato sifana, na bugi bolan. Lafiyayyen bolan amo yake kamar ƙararrawa. Wannan ya ce dum, kamar fasasshiyar tukunya. Na goge cibiyar da tsumma da gazuwal, sai ga tsaga siririya kamar gashi, ta tashi daga ramin kilabet ta nufi baki.

Na ce, "Kawu, ku buga da hannunku."

Ya karɓa ya buga. Ya sake bugawa. Ya daɗe yana kallon bencin da matan suka tashi a kai.

Na ce wani bolan sai an kawo daga Maradi, kwana biyar ko sati. Ban ce kada ya tayar ba, don ba ni da bakin faɗa masa haka, kuma na san in ya ce zai lallaɓa ya ƙare niƙan sunan, ban san abin da zan yi ba. Na tsaya ina jira.

Ya fita ƙofa da ɗingishinsa ya ce wa matan, "Ku yi haƙuri, yau babu. Ku zuba kwanoninku a motar ɗana, ya kai ku wani wurin kafin geron ya yi tsami."

Ya sa kwaɗo a ƙofar, ya miƙo mini makullin ba tare da ya dube ni ba.